Neman haƙoran kifin shak a tuddan Sakkwato: daga kwazazzabo zuwa akwati

Haƙorin farko da ido ke kamawa yawanci bai wuce tsawon farcen ɗan yatsa ba. Yana kwance a gindin kwazazzabo, cikin tsakuwa da ɓarɓashin jipsam, wato farin ma'adinin da ake yin filasta da shi, kuma sheƙinsa ne ke tona masa asiri. Duk abin da ke kewaye da shi dusu-dusu yake, shi kaɗai ke mayar da hasken safiya kamar an shafa masa mai. Idan aka ɗauke shi aka murza da yatsa, sai a ga tsini mai santsi, launin zuma ko toka-toka, da ƙananan ƙayoyi biyu a gefe da gefe, da saiwa mai reshe biyu. Haƙorin kifin shak ne, kifin teku, a ƙasar da ta yi wa teku nisan ɗaruruwan kilomita.

Dalilin samunsa a nan shi ne, daga wajen shekaru miliyan 72 zuwa miliyan 56 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya shigo wannan yanki ya ja da baya fiye da sau ɗaya, ta hanyar da ta ratsa inda Sahara take a yau. Lakar da ya bari ita ce duwatsun kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa sassan Nijar da Mali da arewa maso yammacin Nijeriya, ɓangarenmu kuma ake ce masa kwarin Sakkwato. Kifin shak ba shi da ƙashi, guringuntsi gare shi, kuma guringuntsi ruɓewa yake yi. Amma yana zubar da haƙora dubbai a tsawon rayuwarsa, sabo na turo tsoho, shi ya sa haƙori ne abin da ya fi yawa a hannun duk mai wannan nema.

Kafin mu fita, abin da muka fara zama a kai shi ne jerin shimfiɗun ƙasar, domin wanda bai san su ba zai yi ta yawo a inda babu komai. Shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, saboda haka tsofaffin suna fitowa fili ta gabas, sababbin ta yamma. A can ƙasa akwai shimfiɗar Taloka, yashi mai laushi da laka, wadda ba a wahalar da kai a kanta. A bisanta shimfiɗar Dukamaje take, laka mai ɓarewa falle-falle da jipsam da siririn layin farin dutse, kuma a cikinta ne ake samun ƙasusuwan manyan dabbobin teku masu rarrafe. Sai shimfiɗar Wurno, yashi kuma. Waɗannan uku duka sun girmi babbar halakar da ta shafe halittu masu yawa a duniya shekaru miliyan 66 da suka wuce. Bayan halakar tekun ya dawo ya ajiye shimfiɗar Dange, laka mai ruwan toka da jijiyoyin jipsam da dunƙule-dunƙulen fosfet, wato ma'adinin da ke cikin ƙashi da haƙori, sannan farin dutsen Kalambaina wanda ake haƙa don yin siminti a gefen birnin Sakkwato, sai Gamba a bisansa. Shimfiɗar Gwandu da ta rufe su ba ta teku ba ce, lokacin ruwan ya riga ya tafi. A kula, sunan gari daban, sunan shimfiɗa daban. A tuddan da ke kusa da garin Wurno ana samun lakar Dange, kuma daga irinta ne wani masani mai suna Errol White ya bayyana wasu daga kifayen da ya wallafa a 1934, ciki har da wani kifi mai faɗi da ya raɗa wa suna Myliobatis wurnoensis.

Wannan jeri ne ke amsa tambayar da aka fi yi mana, wato ko ana samun ƙashin wel, ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi, ko na ayun teku a Sakkwato. Waɗannan dabbobi ne masu shayarwa, kuma kakanninsu ba su shiga ruwa ba sai wajen shekaru miliyan 50 da suka wuce, bayan teku ya bar mu. Duk babban ƙashin bayan da aka kawo mana daga Gada ko Goronyo da sunan na wel, da aka duba sai ya zama na mosasor, wata babbar dabbar teku mai rarrafe ta wancan zamani, ko na kada, ko kuma na raƙumin da ya mutu shekarun baya. Mai son tsohon wel a Nijeriya sai ya nufi shimfiɗar Ameki a kudu maso gabas, inda aka samo muƙamuƙin Pappocetus lugardi da Charles Andrews ya bayyana wajen 1920. A wajen ƙasar nan akwai mahaƙar fosfet ta Togo, sai kuma Wadi al-Hitan a Fayyum ta Masar, inda kwarangwal ɗin wani tsohon wel mai suna Basilosaurus ke kwance a kan yashi. Haka zancen yake ga ƙaton haƙorin megalodon, wani babban kifin shak na da, da ake gani a intanet: wannan kifi bai bayyana ba sai wajen shekaru miliyan 23 da suka wuce. Abin da Sakkwato ke da shi bai gaza waɗancan daraja ba. Mosasor ɗin da masani Swinton ya fara bayyanawa a 1930 shi ne wanda Azzaroli da abokan aikinsa suka sake wa suna Goronyosaurus a 1972, da sunan Goronyo, ga kuma wani kada mai suna Sokotosuchus da Halstead ya bayyana a 1975. Sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan ilimin duniya ta wannan hanya, amma ƙalilan ne daga mutanen garuruwan suka taɓa jin haka, kuma wannan abu yana damunmu.

Mun fita ne a watan Nuwamba. Ruwan damina daga Yuni zuwa Satumba shi ke yin rabin aikin, yana wanke laka ya bar abu mai nauyi a fili. Idan aka zo da wuri, gero da dawa suna tsaye, ba a shiga gonar mutum. Idan aka makara, ƙurar hunturu ta rufe sheƙin da ake nema, dabbobi kuma sun tattake kwazazzabai. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, kuma mai sunkuyo a cikin kwari marar iska yana iya faɗuwa bai ankara ba. A kowace rana awa uku na farko bayan fitowar rana sun fi albarka, don hasken yana zuwa ta gefe, ƙaramin abu ma yana da inuwa. Da rana ta take, komai ya zama fari fat.

Ba a sauka daga mota a nufi tudu. Gidan mai gari ake fara zuwa, a gaisa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi ya haɗa baƙi da wani ɗan gari, sannan a nemi izinin mai gona. Mutanen karkara sun ga abin da haƙar zinariya ta jawo a Zamfara, saboda haka duk baƙo mai guduma abin zargi ne, kuma suna da gaskiya. Abin da ya fi saurin kwantar da hankali shi ne a ciro haƙori ɗaya daga aljihu a miƙa. Wani dattijo da ya iske mu a bakin gonarsa ya ce, "Malam, mi kuka biɗa cikin marmara?" Aka ce masa, "Baba, haƙoran kifi muke nema, na zamanin da nan wurin teku ne." Ya juya haƙorin a tafin hannunsa, ya gwada tsininsa a babban yatsa, sannan ya nuna mana wani kwari a bayan tudu inda yara ke tsintar duwatsu masu kama da ƙashin baya. A nan muka yi sauran kwanakinmu. Batun tsaro kuma ba a wasa da shi. Gabashin jihar, yankunan Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Idan mutanen gari suka ce yau kada a fita bayan tudu, magana ta ƙare. Ba a kwana a daji, kuma ana barin fili kafin la'asar.

Kayan aikin ba su da yawa: gudumar magina, cizal ƙarami, cokalin gini, buroshin fenti mai laushi, awo na tef, ruwa aƙalla lita huɗu ga kowane mutum, takalmi mai rufe idon sawu saboda kububuwa da kunama, ledoji masu zif, fensir, da littafi mai kauri. Dutse ana juya shi da guduma, bakinsa na kallon nesa da mutum, ba a zura hannu a ƙarƙashinsa. Rariya uku muka sa kafinta ya haɗa mana, kowace santimita 40 a kan 40, ɗaya mai ido milimita 5, ɗaya mai wayar taga ta sauro wadda idonta ya ɗan haura milimita 1, ta ukun kuma mai rabin milimita.

Yadda ake tafiya a fili shi ne daga ƙasa zuwa sama. Ana farawa daga bakin kwazazzabo inda ruwa ya zube kayansa, a sunkuya ko a durƙusa, a ɗauki faɗin taku biyu a bi shi a hankali. Ido ba ya neman haƙori kai tsaye, yana neman abu mai sheƙi, ko mai tsini, ko mai siffar da ta yi daidai ta ɓangarori biyu. Duk inda aka tsinci wani abu sai a kafa tsinke. Can sai a ga tsinkayen sun yi jere suna hawa gangare, har su kai wani tsayi da babu komai a bisansa. Wannan tsayin shi ne layin da ke zubo da kayan, kuma shi ne ainihin abin da aka zo nema. Sau da yawa kaurinsa bai wuce tafin hannu ba, launinsa ya fi na kewaye duhu ko ja, kuma idan aka kankare shi da cokalin gini sai a ji gurgura, saboda gutsattsarin ƙashi da kashin kifi da ya daskare.

A nan ne mai tsintuwa da mai nazari suke rabuwa. Haƙorin da aka tsinta a gindin kwari yana iya fitowa daga kowane layi na tudun, saboda haka ledarsa daban, a rubuta mata cewa tsintuwar ƙasa ce. Wanda aka ciro daga cikin layi kuwa ana auna tsayinsa da tef daga wani abu tabbatacce, misali daga inda yashin Taloka ya ƙare laka ta fara, a ɗauki lambobin wurin da wayar hannu, a ɗauki hoto da rula a gefe kafin a taɓa shi. Haƙori ɗaya a ƙasan iyakar shekaru miliyan 66 da wani a bisanta suna ba da labarin wane kifi ya tsira daga halakar, wane ne bai tsira ba. Idan aka zuba su a gwangwani ɗaya, wannan labari ya tafi, kuma babu masanin da zai iya dawo da shi. Takardar shaida da fensir ake rubuta ta, a naɗe a saka cikin ledar, sannan a maimaita lambar a littafi. Ledojin da muka rubuta wa lamba da alƙalamin maka ta waje, bayan kwana biyu a bayan mota rana da gogayya sun cinye rubutun guda huɗu, kuma kayan cikinsu sun koma ajin tsintuwar ƙasa.

Daga kowane layi mun ɗebi kilo 10 na laka a buhu, bayan an kankare santimita biyar na sama da rana da saiwoyi suka lalata. Manyan haƙoran da ido ke gani kaɗan ne daga abin da ke cikin layin. Yawancin nau'o'in kifayen ƙanana ne, haƙoransu milimita ɗaya zuwa uku, kuma sai a gida suke fitowa.

Ƙashi babba shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Ƙasusuwan lakar Dukamaje jipsam ya shiga cikinsu ya tsiro a kowace tsaga, ta yadda abin da ake gani kamar dunƙulallen ƙashi a zahiri gutsattsari ne da laka ke riƙe da su. Wanda ya sa hannu ya fizgo zai tashi da gari. Ana share samansa da buroshi kawai, ba a zuba masa ruwa, don lakar tana kumbura idan ta jiƙa ta tsage ƙashin daga ciki. Sannan a ɗiga masa ruwan ƙarfafawa: giram 5 na wani gam mai suna Paraloid B-72 a cikin mililita 100 na asiton, ruwan sinadarin da ke narkar da shi, wanda aka jiƙa tun a gida domin yana ɗaukar kwana guda kafin ya narke. Da sassafe ake ɗigawa. Idan dutse ya yi zafi, asiton yana tashi kafin ya nutse, sai ya bar fata mai ƙyalli a waje, ciki kuwa yana nan a ruɓe. Bayan ya bushe sai a haƙa rami a kewaye, a bar tazarar yatsu huɗu daga ƙashin, har abin ya tsaya a kan ƙafa ɗaya kamar naman kaza. A lulluɓe shi da takardar tishu mai ɗan danshi, falle biyar ko shida, don kada filasta ta manne wa ƙashi. A yanka buhun algarara tsiri-tsiri, faɗin santimita 10, a jiƙa a matse, a tsoma a kwaɓin filastar masu silin, a naɗa hawa uku, kowane hawa ya gicciye na ƙasansa, a tura gefen ya shige ƙarƙashi. Filasta ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa ake zuba wa filasta ba, har ta fara tsayawa a saman ruwan. Ruwan jarkar da ta sha rana yana sa ta daskare tun ba a gama naɗi ba, don haka a ajiye jarka ɗaya a inuwa. Bayan minti 40 sai a sare ƙafar da cizal, a kife dunƙulen da hanzari a motsi ɗaya, a rufe gindin.

Wannan na ƙashi guda ne da ruwa zai tafi da shi a damina mai zuwa. Idan aka ga ƙasusuwan baya uku ko huɗu a jere suna shiga cikin tudu, ko wani abu mai kama da muƙamuƙi da haƙora a jikinsa, a tsaya. A ɗauki hoto da lambobin wuri, a mayar da ƙasa a rufe, a sanar da mai gari, a kai labari sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko hukumar binciken ƙasa ta tarayya. Kwarangwal aikin makonni ne na mutane da yawa, kuma yadda ƙasusuwan suka kwanta shi kansa bayani ne. Mahaƙar siminti kuwa ba a shiga sai da izinin masu ita, ba a kuma tsayawa a gindin bangon da aka fasa.

A gida, matakin farko shi ne shanya. Ana baza lakar a kan tire ko buhu, kowane samfuri da takardarsa, kwana uku a rana har ta bushe ƙayau. Laka mai danshi ba ta narkewa a ruwa, dunƙulewa take yi kamar tuwo, busasshiya kuwa tana shan ruwa da ƙarfi ta watse da kanta. Sai a zuba ta a baho, a rufe da ruwa, a bar ta kwana ɗaya ba a motsa ba. Wadda ta ƙi watsewa ana sake shanya ta, a jiƙa da kananzir na awa biyu, a tsiyaye kananzirin a mayar a galan, a zuba ruwan zafi. Ruwan yana korar kananzirin daga ƙofofin lakar, sai ta ruguje ta zama kunu. A waje ake wannan, nesa da murhu.

Tacewa ana jera rariyoyin ne, mai babban ido a sama, a riƙa zuba kunun kofi-kofi ana bin sa da ruwa a hankali. Ba a murza da hannu a kan waya, domin ƙananan ƙayoyin gefen haƙori su ne ke fara karyewa, kuma da su ake gane nau'i. Inda ruwa ke da tsada, a nutsa rariyar a cikin babban baho a riƙa ɗaga ta ana saukewa, lakar ta zauna a gindi, a tsiyaye ruwan sama a sake amfani da shi. Buhun kilo 10 yakan koma 'yan kofuna na tsaki. Tsakanin samfuri da samfuri a wanke rariya da buroshi a ɗaga ta a rana a duba, don haƙori ɗaya da ya maƙale a kusurwa ya isa ya sa a ce wani kifi ya rayu a zamanin da bai rayu ba.

Abin da ya fito daga farin dutse ba ya jin ruwa, sai tsami. Ruwan khal na girki, wanda tsaminsa kashi 5 cikin 100 ne, yana narkar da farin dutse ya ƙyale haƙori, domin haƙori fosfet ne. Amma ƙyalewar tana da sharaɗi. Sabon khal zalla yana ɗan cin fosfet ɗin ma, kuma zubin farko da muka bari kwana uku a cikinsa ya fito da haƙora fari-fari kamar alli, sheƙin ya tafi, saiwoyin suna murmushewa. Maganinsa a haɗa kashi biyu na sabon khal da kashi ɗaya na tsohon da aka riga aka yi aiki da shi, kada kuma a wuce awa 24. Bayan nan a jiƙa a ruwa mai kyau kwana uku ana canzawa safe da yamma. Wanda ya gajarta wannan wanki zai ga wani farin gashi ya tsiro a jikin kayan bayan makonni, gishirin tsamin ne, kuma yana fasa su. Duk ƙashin da ya bayyana a shafa masa Paraloid kafin a mayar da dutsen cikin tsami. Ruwan batir da ruwan wanke masai masu ƙarfi kada su kusanci wannan aiki ko kaɗan. Jipsam kuma khal ba ya taɓa shi, sai dai allura da haƙuri.

Tsince tsakin shi ne ya fi cin lokaci, kuma a gare mu shi ya fi daɗi. Ana zuba cokalin shayi ɗaya a baƙin faranti, a baza shi falle ɗaya, a sa fitila ta gefe, a bi da gilashi mai ƙara girma sau goma. Hantsaki yana harba ƙaramin haƙori ya ɓace a ɗaki, buroshi siriri mai ɗan danshi ya fi, yana ɗauke shi a tsininsa.

Wajen ganewa, saiwa da gindi sun fi tsini magana. Haƙorin shak a baje yake, gefe ɗaya shafaffe ɗaya mai tudu, da saiwa mai reshe biyu. Masu faɗi da ƙayoyin gefe yawanci dangin Cretalamna ne, sirara masu tsawo kuma na dangin da ke kama ƙananan kifaye. Kifaye masu faɗi irin Myliobatis haƙoransu sanduna ne shafaffu, ƙasansu da tsage-tsage kamar matsefi, don murƙushe katantanwa. Ƙananan masu kama da wake ko maɓalli na wasu kifaye ne masu ƙashi da ke tauna abu mai ɓawo. Haƙorin kada zagayayye ne kamar ƙaho, da rami a gindi. Na mosasor ya fi kauri, da kaifi gaba da baya. A ƙashin baya, na shak, wanda guringuntsi ne da ya yi tauri har bai ruɓe ba, faifai ne zagayayye mai rami ta fuska biyu, da zobba kamar na kututturen itace. Na mosasor gabansa kwano ne, bayansa dunƙule, ɗaya na shiga cikin ɗaya. Na kadojin wancan teku fuskokinsa biyu kusan shafaffu ne, abin da ke sa a ɗauka na wel ne. Allon kunkuru shimfiɗaɗɗe ne da gefe mai haƙora-haƙora inda yake haɗuwa da ɗan'uwansa. Ƙashin dabbar zamani ba shi da nauyi, idan aka ƙwanƙwasa ba ya ƙara irin ta dutse, idan kuma aka kusanta masa ashana yana warin ƙonannen gashi. Kayan da ake tallatawa a intanet daga mahaƙun fosfet na Maroko akwai na gaskiya da yawa a ciki, amma muƙamuƙan mosasor masu haƙora a jere tsaf sau da yawa haɗi ne na yashi da gam, kuma kada a cuɗa su da kayan gida a akwati ɗaya.

Abin da ya karye ana liƙa shi da Paraloid mai kauri, kamar giram 40 a mililita 100, saboda idan an yi kuskure asiton yana warware shi. Gam mai kamawa nan take ba ya warwaruwa cikin sauƙi, farin gam na kafintoci kuma yana tauri ya canza launi da shekaru. Sai dai Paraloid yana da rauni ɗaya da ya shafe mu musamman: yana fara laushi a wajen digiri 40. Ƙashin da aka liƙa aka ajiye a ɗaki mai rufin kwano, a watan Afrilu sai a iske haɗin ya lanƙwashe. Saboda haka duk abin da aka liƙa ana kwantar da shi a kan yashi ko soso yadda nauyinsa ba zai rataya a kan haɗin ba, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Kowane abu yana samun lamba. Manya ana ɗiga musu ɗan farin fenti a gefen da ba shi da muhimmanci, a rubuta lambar da tawada, a rufe da Paraloid. Ƙanana suna shiga ƙananan robobi masu murfi, lambar a ciki. Littafin yana ɗauke da rana, gari, lambobin wuri, shimfiɗa, tsayi daga gindi, da sunan da ake zato, wanda da fensir ake rubuta shi don yana canzawa. Gara tana cin kwali da takarda, saboda haka akwatin ƙarfe muke amfani da shi, a ɗora shi a kan bulo nesa da bango, littafin kuma a ɗauki hoton kowane shafinsa a ajiye a wuri biyu. A watan Agusta, lokacin da iska ta fi danshi, ana buɗe akwatin a duba. Duk wanda ya fara fitar da farin gari ko ya yi warin ƙarfe mai tsami a ware shi a busar, a sa shi a roba mai rufuwa da ƙullin nan na shanye danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Tsakin rariya mai rabin milimita, wanda tsince shi ke ɗaukar watanni, ana ajiye shi a busasshe da takardarsa a ciki, a riƙa ɗiba cokali-cokali har kaka ta zagayo.